Kallon Gurara daga sama: wa ke da ikon cewa ba za a tashi ba?

Jihar Neja na da abin nunawa. Daga Madalla, inda Dutsen Zuma ya tsaya kamar mai gadin ƙofar Abuja, zuwa magangarar ruwan Gurara da ke gefen hanyar Suleja zuwa Minna, har zuwa tafkunan Shiroro da Kainji, da wuya a samu wata jiha cikin maƙwabtan babban birnin tarayya da Allah Ya hore wa wuraren kallo irin haka. Abin da ta rasa shi ne hanya. Duk ma'aikacin da ya taɓa barin Abuja da yammacin Juma'a ya nufi Minna ya san yadda tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba ke cinye sa'o'i, tsakanin ramuka da tireloli da tankokin mai daga Dikko zuwa Lambata.

Ga wurin kallo, ga hanya marar kyau, ga kuma masu hannu da shuni a kusa. Ko'ina a duniya aka haɗa waɗannan abubuwa uku, sana'ar da ke biyo baya ita ce ta ɗaukar mutane a jirgi mai saukar ungulu, a zaga da su na minti goma sha biyar ko ashirin, su ɗauki hoto, a sauke su a ɗebi wasu. Haka ake yi a magangarar ruwan Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, haka ake yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu da birnin Niyok na Amurka. Tun da aka farfaɗo da filin jirgin saman Minna, aka raɗa masa sunan Shugaba Bola Tinubu a watan Maris na 2024, gwamnatin Mohammed Umaru Bago kuma ba ta gajiya da kiran masu zuba jari, ba sai an yi wa mutum duba ba kafin ya san cewa wannan sana'a na tafe. Wata rana za a wayi gari da talla a Instagram: tashi daga Abuja, zaga Zuma, leƙa Gurara, a dawo kafin la'asar.

Ba na adawa da zuwanta. Jihar na buƙatar kuɗin shiga, matasan Gurara da Suleja na buƙatar aikin yi. Abin da nake so mu tattauna tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, tambaya ce guda: a ranar da hazo ya rufe sama, ko wata na'ura ta ƙi aiki, fasinjoji sun riga sun biya, maigida kuma yana duba agogo, wa ke da ikon cewa ba za a tashi ba, kuma me zai same shi idan ya faɗa?

Fasinjan yawon buɗe ido ya bambanta da sauran masu hawa helikwafta a ƙasar nan. Ma'aikacin mai da ake kaiwa rijiyoyin cikin teku daga Fatakwal ana horar da shi yadda zai kuɓuta idan jirgi ya kife a ruwa, kamfanin da ya ɗauke shi aiki kuma yana da masana da ke binciken kamfanin jirgin kafin a ƙulla kwangila. Mai yawon kallo ba shi da ko ɗaya daga ciki. Tikiti ya saya, ya shiga da matarsa da 'ya'yansa, waya a hannu, ya miƙa amanar ransa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Sannan irin tashin da ake yi da shi shi ne mafi ƙarancin sarari idan matsala ta taso: ƙasa-ƙasa ake tafiya don a ga abin da aka zo gani, kusa da duwatsu da ruwa da wayoyin wuta, sau da yawa da jirgi mai inji ɗaya da matuƙi ɗaya, ana tashi ana sauka tun safe har yamma. Ribar kamfani kuma tana rataye ne da yawan sawu. Duk sawun da aka soke saboda yanayi kuɗi ne da za a mayar.

Wannan ba matsalar ƙasashe masu tasowa ba ce kaɗai, shi ya sa zan fara da Amurka, inda ba a rasa doka ko ma'aikatan sa ido ba. A ranar 11 ga Maris, 2018, wani jirgin yawon kallo da aka cire wa ƙofofi don fasinjoji su ji daɗin ɗaukar hoto ya faɗa kogin da ke gabashin Manhattan a Niyok. Igiyar ɗamarar wani fasinja ce ta maƙale a abin kashe mai, injin ya mutu. Matuƙin ya sauke jirgin a kan ruwa, amma balan-balan ɗin da ya kamata su riƙe shi ba su cika da iska yadda ya dace ba, jirgin ya kife. Matuƙin ya fita da ransa. Fasinjoji biyar duka sun nutse, domin ɗamarar da aka ɗaure su da ita don kada su faɗo ba ta kwancewa cikin gaggawa. Masu bincike sun gano cewa an yi amfani da wata kafa a cikin doka, aka kira tafiyar da sunan aikin ɗaukar hoto daga sama, don a kauce wa ƙa'idoji masu tsauri da ke kan jigilar masu yawon kallo. A riƙe wannan batu na sauya wa aiki suna, za mu sake cin karo da shi a gida.

Bayan shekara bakwai, a ranar 10 ga Afrilu, 2025, wani jirgin yawon kallo ƙirar Bell 206 ya tarwatse a sama ya faɗa kogin Hudson, a birnin dai. Wani babban jami'in kamfanin Siemens daga Sifaniya da matarsa da 'ya'yansu uku da matuƙin duka suka rasu. Sawu na takwas ke nan da jirgin ya yi a wannan yini, kuma babu na'urar naɗar bayanan tafiya a cikinsa. Abin da ya faru bayan haɗarin ya fi jan hankalina. Daraktan ayyukan kamfanin ya amince da buƙatar hukumar kula da jiragen sama ta Amurka cewa a dakatar da tashi har a kammala bincike. Nan take aka kore shi daga aiki. Hukumar ta mayar da martani da umarnin gaggawa na dakatar da kamfanin. Wato ko a can, mutumin da ya ce a tsaya shi ne ya fara rasa abincinsa. Bambancin kawai shi ne akwai hukumar da ta tsaya masa.

'Yan Najeriya ba su manta da Herbert Wigwe ba, shugaban rukunin kamfanonin Access, wanda ya rasu tare da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu a daren 9 ga Fabrairu, 2024, a hamadar Kalifoniya. Jirgin shata ne, ba na yawon kallo ba, amma darasin ɗaya ne. Rahoton ƙarshe na hukumar binciken haɗurra ta Amurka ya ɗora alhakin a kan shawarar matuƙi ta ci gaba da tafiyar da ta dogara da gani da ido cikin yanayin da ido ba ya gani, har ya kasa bambance sama da ƙasa. Ya kuma ambaci sakacin kamfanin wajen sa ido, ciki har da barin jirgin ya ɗauki fasinja da dare alhali na'urar auna tazararsa da ƙasa ba ta aiki. An san da matsalar na'urar kafin a tashi. Kuɗi bai yi ƙaranci ba a wannan tafiya. Wanda zai ce a kwana a nan sai gobe ne aka rasa.

Idan aka dawo gida, tarihinmu bai bar mu da uzurin rashin sani ba. A ranar 2 ga Fabrairu, 2019, jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya kife yayin sauka a Kabba ta Jihar Kogi. Allah Ya kiyaye, dukkan mutum 12 da ke ciki sun fita. Iskar farfela ce ta tayar da ƙurar filin, ta rufe wa matuƙa ido a daidai lokacin da suka fi buƙatar ganin ƙasa. Masu bincike sun nuna cewa ba a je an duba filin saukar ba kafin tafiyar. Idan har za a iya sauke mutum na biyu a ƙasa a filin da ba a tantance ba, mai karatu ya ƙiyasta irin kulawar da iyalin wani ɗan kasuwa za su samu a wani fili da aka share jiya a gefen Gurara.

A ranar 28 ga Agusta, 2020, wani Bell 206 da ya taso daga Fatakwal ya faɗo tsakanin gidaje a unguwar Opebi da ke Legas, mutum uku da ke ciki suka rasu. Rahoton farko ya ce ba a samu mai a tankin jirgin ba, kuma wa'adin takardar lafiyar matuƙin ya riga ya ƙare. A ranar 24 ga Oktoba, 2024, wani Sikorsky ɗauke da mutum takwas, akasarinsu masu yi wa NNPC aiki, ya faɗa teku kusa da Bonny. Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, ta ce babu na'urar naɗar bayanan tafiya a jirgin, alhali ƙa'ida ta wajabta ta. A duk waɗannan, dokar tana nan a rubuce tun kafin haɗarin. Bayan an ɗebe gawawwaki ne ake jin cewa ba a bi ta ba.

Neja kuma tana da nata sharuɗɗan da duk mai shirin wannan sana'a dole ya yi lissafinsu. Lokacin da Gurara ta fi ban sha'awa, wato tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, shi ne lokacin da hadari ke haɗuwa cikin ɗan lokaci, da iska mai kaɗa itatuwa. Lokacin da mutane suka fi samun hutu da kuɗin kashewa, wato Disamba da Janairu, shi ne lokacin hunturu, sa'ad da hazo kan hana manyan jirage ma sauka a filayen Arewa. A bazara kuwa, zafin Maris da Afrilu yana sa iska ta yi sako-sako, farfela ba ta samun abin kamawa kamar yadda take samu da sanyin safiya, don haka nauyin da jirgi ya ɗauka lafiya da ƙarfe bakwai zai iya fin ƙarfinsa da ƙarfe biyu na rana. Shi ya sa a wuraren da aka san aikin ake ɗora kowane fasinja a kan sikeli kafin ya shiga, ba tare da duba girman rawaninsa ba. A ƙara da manyan wayoyin wuta da suka taso daga Shiroro da Kainji da Jebba suka ratsa jihar. Waya ba ta ganuwa daga sama sai an zo dab da ita, kuma tana cikin tsofaffin abokan gabar jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa. Dutsen Zuma shi ma ba a daji yake ba, yana kusa da hanyoyin da jiragen filin Nnamdi Azikiwe ke bi, don haka kowace zagayawa sai da sanin masu kula da zirga-zirgar sama na NAMA.

Sai batun tsaro, wanda ba a son ambata a takardun talla. Dazuzzukan Shiroro da Munya da Rafi fagen daga ne, jiragen Sojin Sama na aiki a can. A ranar 14 ga Agusta, 2023, wani helikwaftan soja da ya je kwaso waɗanda aka jikkata ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Ƙaramar Hukumar Shiroro. A watan Yulin 2021 kuma 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a yankin iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya tsira da laima. Wanda ya iya kakkaɓo jirgin yaƙi ba zai sha wahala da ƙaramin jirgi mai ɗauke da iyali ba. Akwai sassan jihar da bai kamata a ba kowa izinin kai masu kallo ba a halin yanzu, komai kyan tafkin da ke wurin, kuma gwamnati ce ya kamata ta shata wannan iyaka a fili, ba a bar wa ɗan kasuwa ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. A ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, akwai bambanci tsakanin mai lasisin jigilar fasinja don kuɗi, wanda ma'aikatan harkar ke kira AOC, da mai izinin amfani da jirginsa don buƙatar kansa, wato PNCF. Na farkon yana ƙarƙashin sa ido mai tsanani: jadawalin gyara, sa'o'in aikin matuƙa da hutunsu, gwajin ƙwarewa, inshorar fasinja. Na biyun doka ta hana shi karɓar ko sisi don ɗaukar wani. Amma kowa a Abuja ya san yadda ake yi. A watan Afrilun 2024 NCAA ta dakatar da izinin masu jiragen ƙashin kai uku da aka samu suna shata a ɓoye, a watan Yuni Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamitin yaƙi da wannan ɗabi'a, a watan Yuli kuma aka dakatar da wasu goma. Sauya wa aiki suna ke nan, irin wanda ya ci rayuka biyar a Niyok, sai dai namu ya fi fitowa fili.

Kuma wa ke kiran waɗannan jirage? Ba minista ba ne ke ɗaga waya, ba babban sakatare ba ne, ba sanata ba ne. Hadimi ne, ko jami'in tsara tafiye-tafiye, ko wani mataimakin darakta da aka ce ya nemo jirgi kafin gobe da safe. Shi ke kiran dillali, dillali ya ce akwai wani mai rahusa, a tura kuɗi, a wuce wurin. A irin wannan ciniki hadimin shi ne shingen farko, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe. Tambayoyin da ya kamata ya yi ba sa buƙatar digirin injiniya. Kamfanin nan yana da AOC mai rai, kuma wannan jirgin da wannan lamba yana cikin waɗanda lasisin ya ƙunsa? Inshorarsa ta haɗa da fasinja? An je an ga filin da za a sauka? Idan aka yi ta kewaye-kewaye wajen nuna takarda, amsar ta fito. Wanda ya sa maigidansa a jirgin da ba shi da izinin shata ya sani cewa idan ƙaddara ta faɗa, kamfanin inshora na da hujjar da zai juya wa iyalai baya, ciki har da nasa iyalin, domin hadimi ba ya zama a ƙasa idan maigida ya tashi.

Abu mafi wuya shi ne karɓar amsar matuƙi. Al'adar ofisoshinmu ta ginu a kan cewa hadimi nagari shi ne wanda ba ya komawa wurin maigida da kalmar ba zai yiwu ba. Idan matuƙi ya ce hasashen NiMet bai yi kyau ba, ko rana ta kusa faɗuwa, sai a fara lallashi, daga nan a koma tuna masa ko wane ne ke jira, daga ƙarshe a yi barazanar kiran mai kamfani. Matuƙin kuma ma'aikaci ne mai kuɗin makarantar yara a wuyansa, ya san akwai wani da zai karɓi aikin idan shi ya ƙi. Irin wannan matsi ba ya fitowa a na'urar naɗar bayanai, ba kasafai kuma ake rubuta shi a rahoto ba. Idan manya na yi wa matuƙa haka, ɗan kasuwar da ya sayar da tikitin sawu goma a ranar Asabar ba zai yi sassaucin da su ba su yi ba.

Wani zai ce ai wannan damuwar masu kuɗi ce, talaka ina shi ina helikwafta. Mutanen Neja sun fi kowa sanin cewa cutar ɗaya ce, abin hawan ne kawai ya bambanta. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta rigar ruwa. Duk da haka a daren 1 ga Oktoba, 2024, jirgin ruwa ɗauke da mutane kusan 300, akasarinsu mata da yara da ke hidimar Maulidi, ya kife a yankin Gbajibo na Ƙaramar Hukumar Mokwa, gommai suka rasu. Dokar da aka kasa tsayarwa a bakin kogi, inda jami'i zai iya ƙirga kawuna da idonsa, ita ce ake so mu yarda za a tsayar a wani filin sauka da ke bayan dutse. Jirgi kuma idan ya faɗo ba ya tambayar wanda ya biya kuɗin tikiti. A Opebi kan gidajen mutane ya sauka.

Saboda haka abin da nake ganin ya dace bai da yawa, kuma bai buƙatar sabuwar hukuma, don muna da su har sun yi yawa. NCAA ta fitar da ƙa'ida bayyananniya a kan yawon kallo ta sama, ta ce kai tsaye babu mai yin sa sai mai AOC, ta ƙayyade mafi ƙarancin tazarar gani da tsayin da za a bi, da rigar ruwa a jikin kowane fasinja idan za a ratsa tafki. Ta kuma riƙa wallafa jerin masu lasisi da lambobin jiragensu a inda kowa zai duba da wayarsa, ana sabunta shi, domin hadimin da aka ba sa'a biyu ya nemo jirgi ba zai rubuta wasiƙa ya jira amsa ba. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya na iya taimakawa da takardar umarni guda: kada a biya kuɗin shatar jirgi daga asusun gwamnati sai an maƙala kwafin lasisi da inshora a jikin takardar neman amincewa. Akanta ba ya sakin kuɗin fenti sai ya ga rasit; babu dalilin da zai sa ya saki na jirgi ba tare da ganin lasisi ba.

Gwamnatin Neja ita ma tana da rawar da ba ta buƙatar jiran Abuja. Filin da za a sauka a Gurara ko gindin Zuma ƙasarta ce, ita za ta bayar. Tana iya cewa ba za ta bayar ba sai an daɓe shi yadda ba zai tayar da ƙura ba, an killace shi daga yara da dabbobi, an tanadi abin kashe gobara da motar asibiti, an kuma faɗi asibitin da za a kai wanda ya ƙone da tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a isa. Waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan fashewar tankar mai a mahaɗar Dikko a watan Janairun 2025, a cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ɗin nan, sun san nauyin wannan tambaya ta ƙarshe.

Sannan a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa duk sawun da matuƙi ya soke saboda yanayi ko matsalar na'ura, fasinja zai karɓi kuɗinsa cif, kuma ba za a cire wa matuƙin ko kwabo daga albashinsa ba. Kamfanin da ya ce ba zai iya sa hannu a kan wannan sharaɗi ba, sai jihar ta riƙe filinta har wani ya zo.